Wannan Koyarwa Ce Ko Kora?

Wallahi abin da ake yi wa 'yan ajin farko masu neman karatun likita a Kano ya ishe ni. Yaro ya kwana kan littafi, ya zana JAMB da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ya samu gurbi, gida a yi ta barka. Shekara ɗaya tal, sai a ce masa ya koma sashen ilimin tsirrai ko na dabbobi, wai bai kai ba.

Bai kai ina ba? Me aka koya masa?

Ƙanwata tana cikinsu, don haka ba labari aka ba ni ba. Ɗakin lakca cike maƙil, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, ga zafin Kano, ga babu wuta balle lasifika. Malam ya shigo, ya karanto abin da ke takarda, ya ce a je a yi fotokwafin handawut, ya fice. Shi ke nan an gama darasin rabuwar ƙwayar halitta! Ƙanwata ta haddace matakan wannan rabuwar, wato maitosis, a jere kamar karatun allo, amma ba ta taɓa ganin ko ɗaya da idonta ba. Maikuroskof, na'urar ganin ƙananan halittu, ɗaya, gungun ɗalibai a kansa, kafin layi ya zo kanka lokaci ya ƙare. Fatar albasa fa ake buƙata a ga ƙwayar halitta, albasar da ke jibge a kasuwar Yankaba. Ita ma ta gagara?

Na san uzurin. Hukuma ta ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin da za ta horar, gawar koyon tiyata da gadajen asibiti ba sa isar kowa. Na yarda, ba wanda yake son likitan da bai iya ba. To don me za ku ɗebi fiye da abin da za ku iya riƙewa, ku karɓi kuɗin rajista, sannan ku sa jarrabawa ta yi muku aikin kora?

Kuma wa ke tsallakewa? Mai ƙarfin hadda, da wanda ubansa ke iya biyan malamin lesin. Yarinyar da ke hawa adaidaita sahu biyu daga Kurna, wadda ta fito daga sakandaren da ko ɗakin gwaji babu, ita ce ta farko a faɗuwa. Alhali karatun shekara shida ne, Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri ma ba a kai gare su ba.

Malamai, ku ba mu takardun jarrabawar ƙanwata mu ga inda ta faɗi. Ko wannan ma sai an san wani?