Nijar na dashen itace ranar 'yanci, mu muna fareti

Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya ba wata tafiya ba ce, amma bikin 'yancin Najeriya da na Nijar sun sha bamban. Mu da ke zaune Maraɗi, da dashe muka san 3 ga Agusta. Ranar ce Nijar ta karɓi mulki daga Faransa a 1960, kuma tun 1975, zamanin Seyni Kunce, aka haɗa ta da bikin dashen itace. A gida Najeriya kuwa, 1 ga Oktoba jawabin shugaban ƙasa ne da safe, sai fareti, 'yan makaranta su sha rana da tuta a hannu, kafin azahar kowa ya kama gabansa.

Na Nijar ya fi kwanta mini, sai dai kada a kwaikwaya ido rufe. Su lokaci ya yi musu daidai, don Agusta tsakiyar damina ce. A Daura kuwa, Oktoba na kamawa ruwa ya ɗauke, an yanke gero. Wanda ya dasa ranar, shi da jarka har wata takwas.

Ko a nan Nijar ɗin ma ba duk dashen ke rayuwa ba, kuma ba aikin aljanu ba ne. Rami ake tonawa kamar santimita 40, zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake, ya jawo gara. A yage ledar da dashen ya zo a ciki gaba ɗaya, don masu gaggawar ɗaukar hoto da ita suke binnewa, saiwar ta nannaɗe a ciki. A danne ƙasa, a bar ɗan kwari a gindi ya riƙe ruwa. Darbejiya na son taku biyar zuwa shida tsakani. Sannan shinge, ko na ƙayar magarya ne, domin da an sako dabbobi bayan girbi akuya ba ta san bikin ƙasa ba.

Da za a ji tawa, Katsina da Daura su dasa a ƙarshen Yuli. Ranar 1 ga Oktoba, bayan fareti, kowace makaranta ta fita ta ƙirga nata: nawa suka kama, nawa suka bushe, a ɗaure shinge, a raba wa ɗalibai kwanakin ban ruwa kafin hunturu ya shigo.