Kada ka raina laburaren taimako idan ka sauya dandali

Ɗan'uwa mai rubuta manhaja, ranar da ka bar yaren PHP ka koma Node.js (dandalin da ke gudanar da yaren JavaScript a kan saba), ko ka bar Python ka shiga Java, sabonka na baya shi ne zai fi cutar da kai. Sabon abu kana tsayawa ka karanta shi, tsohon sabo kuwa hannunka ne zai rubuta shi ba tare da shawara ba. Shi ya sa nake roƙonka ka riƙi laburaren taimako, wato kod ɗin da wasu suka rubuta suka gwada don ayyukan yau da kullum.

Duba lissafin lokaci. A PHP, time() daƙiƙoƙi yake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, amma Date.now() na JavaScript yana raba kowace daƙiƙa gida dubu. Idan ka miƙa lambar PHP kai tsaye ga new Date(), ranar za ta koma Janairun 1970, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Ga shi watannin JavaScript daga 0 suke farawa, Disamba 11 ke nan. Kada ka zauna kana ƙara 1 kana rage 1 da hannu. Luxon, laburaren lokaci na JavaScript, na lissafa wata daga 1 zuwa 12, haka ma java.time da ya zo da Java 8 a 2014. Moment.js kuwa, tsohon laburaren lokaci na JavaScript, masu shi da kansu sun ce tun 2020 a daina fara sabon aiki da shi.

Sai dai laburare ma yana da halinsa, dole ka karanta takardunsa. Idan saba (kwamfutar da ke amsa buƙatun manhajarka) ta amsa da lambar matsala 404 ko 500, fetch, kayan aika buƙata da ke zuwa tare da JavaScript, ba ya ɗaukar hakan a matsayin kuskure sai ka duba response.ok, laburaren axios kuma nan take yake jefa kuskure. Shi requests na Python sai ka kira raise_for_status() kafin ya jefa kuskure, kuma idan ba ka sa masa timeout ba, wato iyakar lokacin jira, zai iya jiran amsa har abada, manhajarka ta tsaya cak.

Kar kuma ka wuce gona da iri. A Maris 2016 an cire left-pad, ɗan kod mai layi 11 kacal, daga npm (rumbun laburaren JavaScript), ginin manhajoji da yawa ya tsaya, har da masu dogaro da Babel, sanannen kayan sarrafa kod ɗin JavaScript. Abin da layi biyar zai yi maka, rubuta abinka.

Laburaren da ka ɗauka kuwa, duba yaushe aka sabunta shi da irin lasisinsa. Kulle sigarsa: a Node.js ajiye fayil ɗin package-lock.json a cikin Git (ma'ajiyar tarihin kod), a requirements.txt na Python kuma sa == da cikakkiyar lamba. Sannan ka tara duk kiran laburaren a fayil ɗaya, ka rubuta masa gwaji da ranar 29 ga Fabrairu da sabar da ta ƙi amsawa, domin idan sauyi ya sake zuwa, fayil ɗin nan kaɗai za ka taɓa.