Kafin ka ce matarka mai ɓarna ce, ka buɗe mata lissafinka

Abin da ɗan ƙanwata ya yi ranar Juma'ar da ta wuce, wanda da yawanku da ke zauren danginmu na WhatsApp kuka karanta da idonku, har yanzu bai bar raina ba, kuma tunda a bainar jama'a ya kunyata 'yar mutane, ni ma a bainar jama'a zan faɗi ra'ayina. Magidancin da zai ɗauki waya ya sanar da dangi kaf cewa matarsa ce ta hana shi tara ko sisi, alhali shekara shida suna tare bai taɓa gaya mata nawa yake samu a wata ba, bai yi adalci ba. Ba a ɗora wa mutum alhakin tattalin dukiyar da aka ɓoye masa adadinta.

Da na je gidan bayan sallar isha'i, na sa aka kira min su biyun, na tambaye shi abin da ya kai shi ga wannan rubutu. Ya ce, "Kawu, wallahi kullum sai na ajiye mata dubu huɗu kafin in fita, amma ban taɓa dawowa na tarar da canjin naira ɗari ba." Na juya wurin yarinyar na ce, "'Yata, faɗa min abin da kika saya jiya." Ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tsohon littafin makarantar ɗanta, wanda ta mayar da shafukansa na baya wurin rubuta cefane. Ga awon shinkafa, ga manja, ga tumatir da attaruhu da albasa, ga gawayi, ga jarka huɗu ta mai ruwa, ga koko da ƙosan yara, ga kuɗin tara na makaranta, ga sabulun wanki. Da muka haɗa, lissafin ya haura abin da ya bayar, kuma cikon daga kuɗin zoɓon da take ƙullawa ya fito. Wata uku cur tana rubutawa, bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba.

Sai na miƙa masa biron na ce shi ma ya rubuta abin da ya fita daga aljihunsa jiya. Nan fa aka yi ta sosa ƙeya. Da ƙyar muka tono shayi da ƙwai da Indomie a teburin mai shayi, muka tono data, muka tono gudunmawar ɗaurin auren wani abokin abokinsa, da yadin anko da ya karɓa bashi. Teburin mai shayi kaɗai yana cin 1,500 a kowane dare, wato 45,000 a wata, wato 540,000 a shekara, kuɗin da ya haura hayar gidan da yake ciki. Tuwon da aka dafa masa kuma yana nan rufe a kwano har safe. Da ya ga jimlar a takarda, shiru ya yi na tsawon lokaci, kuma na yarda cewa har ga Allah bai taɓa sanin adadin ya kai haka ba.

Ban manta halin da ake ciki ba, kuma kada wani ya zo ya karanta min. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya zarce kashi 40 cikin ɗari. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin shekarar, buhun shinkafa mai kilo 50 ya riga ya kai wannan kuɗin ko ya wuce. Magidanta suna cikin matsi na gaske, kuma wanda yake fita tun asuba ya nemo abin da za a ɗora tukunya ya cancanci a jinjina masa. Amma wannan matsin shi ne babban dalilin da ya sa ɓoye lissafi ya zama ganganci. A lokacin da kaya ke da araha, gida yana iya yoyo ta ƙofa goma ba a ankara ba. Yanzu kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na san abin da za a cika min akwatin sharhi da shi: wai idan mace ta san albashinka, ka shiga uku da buƙatu. Ni abin da na gani a shekarun da na yi ana kirana sulhu akasin haka ne. Matar da ba ta san abin da mijinta ke samu ba, ƙiyasi take yi, kuma ƙiyasinta kullum sama yake tafiya, domin tana ganin sabuwar shadda da sabuwar waya, ba ta ganin bashin da aka ci aka saye su. Ita ce za ta matsa a yi mata ankon kowane biki, tana zaton rowa ake yi mata. Wadda aka zaunar aka ce mata ga abin da ya shigo, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga wuta, ga abin da ya rage, ita da kanta za ta ce a bar ankon nan, a sayi buhun masara. Idan kuwa ka auri matar da ba za ka iya amince mata da sanin albashinka ba, amma ka amince mata da cikinka da tarbiyyar 'ya'yanka, to matsalar gidanka ta girmi maganar kuɗi. Mai mata biyu ko uku shi ya fi kowa buƙatar wannan littafin, domin rabin zargin fifiko da ke tsakanin kishiyoyi daga duhun lissafi yake tasowa.

Wasu kuma za su ce arziki na Allah ne, lissafi ba ya ƙara komai. Arziki na Allah ne, babu musu, kuma Allah da ya raba arzikin Shi ne ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi. Shi ne ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan da cewa idan sun ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙuntatawa. A Suratu Yusuf an ba mu labarin shekara bakwai na yalwa da aka ajiye hatsi a zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari. Ya kuma tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Don haka wanda ya fake da tawakkali ya ƙi riƙe biro, ya nemi wata hujjar.

Masu cewa abin da suke samu bai kai a rubuta ba, su ne suka fi ba ni tausayi, domin su ne awon kullum ya fi ci. Wanda yake sayen shinkafa gwangwani-gwangwani, da mai na ƙulli, da sukari na leda, shi ne yake biyan farashi mafi tsada a unguwa, saboda kowane hannu da kayan suka bi kafin su iso shago ya ɗora ribarsa. Ba za ka gane girman wannan asarar ba sai ranar da kai da uwargida kuka haɗa awon wata guda a takarda, kuka kwatanta shi da farashin buhu a Dawanau ko na katan a kasuwar Singa. Idan buhu ya fi ƙarfinka, bai fi ƙarfin gida huɗu ba. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ko abokan aiki, mutum ɗaya ya je ya sayo, a zo a raba da kwano a gaban kowa, kuɗin mota ma a raba shi. Mata sun daɗe suna yin haka a tsakaninsu da ɗan abin hannunsu, mu maza ne muke ganin kamar zubar da girma ne.

Daga wannan littafin ne kuma za ku san nawa gidanku ke ci a shekara, kuma sanin haka shi ne zai ba ku damar cin moriyar kaka. Gero yana shigowa tun wajen Satumba, masara ta biyo baya, dawa da wake su zo ƙarshen shekara, kuma a bisa al'ada lokacin ne farashi ke sauka, kafin ya fara hawa idan damina ta kama. Gaskiya ne a 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara don su sayar da tsada suka tafka asara, amma wannan labarin 'yan kasuwa ne. Magidancin da ya ajiye buhu uku don bakin iyalinsa bai yi asarar komai ba, tunda ya sayi kwanciyar hankalin wata da watanni. A dai tabbatar hatsin ya bushe sarai, a ɗora buhun a kan katako kada ya taɓa siminti, wake kuma a zuba shi a jarka mai tsabta a toshe murfin yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu da kansu ba tare da an barbaɗa wa abincin yara guba ba. Haka tumatir, lokacin da na noman rani daga Kadawa da Kura ya cika kasuwa, kwando ɗaya da aka yanka aka shanya ya zama kauɗa zai rufa asirin miya a watannin da tumatir ke gagarar talaka. Duk wannan aikin a hannun uwargida yake, kuma ba za ta yi shi da zuciya ɗaya ba matuƙar ana ɗaukarta a matsayin wadda ake jefa wa kuɗin cefane a kan gado a fice.

Adashi ma haka yake. A gida ɗaya za ka tarar miji yana zubi a wurin aiki, mata tana zubi a unguwa, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ranar kwasarsa, sai kuɗin biyu su ƙare a waya da atamfa, sannan mai gidan haya ya zo karɓar kuɗinsa a rasa abin ba shi. Da an zauna tare, da an roƙi uwar adashi ta sa kwasar ɗaya ta faɗo watan biyan haya, ɗayar kuma ta faɗo lokacin kaka ko komawar yara makaranta. Kuɗin asibiti kuwa a ware masa wurinsa daban, ko asusun katako ne, ko wani asusun banki da ba a yawo da katinsa a aljihu, kuma wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Zazzaɓin yaro ba ya jiran ƙarshen wata, kuma rashin wannan ɗan tanadin ne yake tura mutane hannun manhajojin bashi na waya, waɗanda idan ka makara suke bin lambobin wayarka ɗaya bayan ɗaya suna tozarta ka a wurin surukai da abokan aiki. Ɓoye-ɓoyen nan ne kuma ya sa gidaje da yawa suka faɗa tarkon 'yan damfara masu alƙawarin ninka kuɗi, irin su MMM a 2016 da CBEX a 2025, domin wanda zai kai kuɗin iyali irin waɗannan wurare ba ya shawara da kowa, ya san idan ya faɗa a gida za a hana shi.

Abin da na bar wa ɗan ƙanwata da matarsa ba shi da wahala. Littafi ɗaya, biro ɗaya, daren da albashi ya shigo a zauna bayan yara sun yi barci, a rubuta abin da ya shigo daga ɓangarensa, a fitar da haya da makaranta da abinci da na asibiti tun kafin a taɓa komai, shi ma a yanka masa kuɗin aljihunsa ya tsaya a kansa. Kuɗin zoɓonta nata ne, shari'a ba ta ɗora mata ciyarwa ba, idan ta sa a tukunya a rubuta a kuma gode mata. Na kuma ce masa ya koma zauren da ya yi rubutun farko ya janye kalamansa, kuma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ina jira.

Akwai wani littafin kuma da na gani a daren, wanda ya tsaya min a rai. Da za mu fito, mai shagon bakin layinsu ya tare ni da ladabi, ya buɗe min shafin gidan, bashin wata biyu da 'yan kai, ga shafukan wasu gidajen a bayansa, wasu tun kafin azumi. Mutumin nan jarinsa bai taka kara ya karya ba, shi ma bashi yake ɗaukowa a kasuwa, kuma shi ne yake ba yaranku burodi da safe idan kun fita ba ku bar komai ba. Da yawanku idan albashi ya shigo sai ku canza hanya, ku koma sayayya a wani shagon da kuɗi a hannu don kada ku haɗa ido da shi. Na ga shaguna biyu a unguwarmu da aka rufe saboda wannan halin, ɗaya daga cikin masu su yanzu dako yake yi a kasuwa. Ranar da za ku buɗe littafin gidanku, ku tura yaro ya tambayo mai shago nawa ne a shafinku, ku sa shi a layin farko.