Filasma: A Faɗa Mana Riba, A Faɗa Mana Uwar Kuɗi

A teburin mai shayi na bakin kasuwar ƙauyenmu, nan kusa da Ringim, wani tsohon ɗalibina ya miƙo mini waya. "Malam, ka ga wannan? Wai an gano wutar da ba ta ƙarewa." Rubutu ne da Hausa a Facebook, an yi ta yaɗa shi. Kalmar filasma ta fito a ciki ba adadi, amma babu inda aka ce ga ma'anarta. Mai shayi ya ɗauka talabijin ɗin bango ake nufi, don ita muka sani da wannan suna. Wani da ya taɓa jinya a asibiti ya rantse ruwan jini ne.

Ni a nan nake fara auna irin wannan rubutu. Ƙanƙara in ta ji zafi ta zama ruwa, ruwa ya zama tururi. In zafin ya wuce misali, ƙwayoyin zarra sai su saki ilektoron ɗinsu, wato ƙananan ɓarɓashi masu ɗauke da lantarki, iskar ta koma mai ɗaukar lantarki. Ita ce filasma. Walƙiyar damina ita ce, hasken nan mai kashe ido na mai walda ita ce, rana kanta ita ce. Marubucin da bai iya kai mai karatu rumfar mai walda ba, ina shakkar ko shi ma ya gane abin da ya kwafo.

Amma babban laifin rubutun ba nan yake ba. Gwajin da yake magana a kai gaskiya ne. Ranar 5 ga Disamba, 2022, a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya ta Amurka, an harba hasken lesa 192, wato haske mai ƙarfi da aka tattara wuri guda, kan 'yar ƙwayar makamashi da ba ta kai girman wake ba, har ta zama filasma. A ma'aunin ƙarfi da ake kira megajul, 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Riba ke nan, kuma masana sun yi shekaru suna nemanta. Abin da marubucin ya haɗiye shi ne, kafin na'urorin su samar da wannan haske, sai da suka sha lantarki kusan megajul 300.

Kowane manomi a nan ya san wannan lissafi. Wanda ya ce ya shuka tiya biyu ya girbe uku, ya yi shiru kan taki da kuɗin ƙwadago da hayar shanun huɗa, ba mai ba shi bashi.

Wani malami abokin aikina ya ce na cika tsanani, wai zumuɗi ne ke jawo yara ga kimiyya. Na yarda da rabi. Sai dai gaskiyar ma ba ta rasa abin mamaki ba: a kudancin Faransa ana gina na'urar ITER domin riƙe filasma mai zafin digiri miliyan 150 da maganaɗisu, ninki goma na zafin tsakiyar rana. Ita ma ta gwaji ce, ba za ta ba kowa lantarki ba. Yaron da aka yi wa alkawarin wuta gobe, in ya ga shiru, ba marubucin kaɗai zai daina yarda da shi ba.

Da muka tashi, na ja ɗalibin nawa zuwa rumfar mai walda. Sai da muka jira aka sayo fetur aka tada janareto, sannan ya ga filasmar, ta bayan baƙin gilashi.