Masu hana cike kududdufi ba maƙiyan ci gaba ba ne

Duk garin da mutane suka tashi suka ce ba za a cike musu kududdufi ko a yanka fuloti a fadama ba, abu na farko da za ka ji shi ne wai hassada ce, wai ba sa son gari ya ci gaba. Ni dai ina tare da su, kuma duk wanda ya san yadda damina take a Ringim ko Auyo ko Kafin Hausa ko Guri a jihar Jigawa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Toh me ke faruwa ne idan aka yi ciko? Mai kuɗi ya sayi kwari da araha, ya sa tifa ta yi ta zuba ƙasa har wurin ya fi titi tudu, ya kafa gidan mai ko injin casar shinkafa ko jerin shaguna da bulon siminti, shi kam ya tsira, amma ruwan da tun kaka da kakanni yake kwanciya a wurin bai ƙaura daga garin ba fa, gangarawa zai yi ya shiga unguwar da ke ƙasa inda gidajen duk na ƙasa ne, kwana biyu garu yana shan ruwa sai ka ji ya zube, wani lokacin cikin dare mutane suna barci. Ga rumbu, ga masai da ke cika ta haɗe da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Wanda ya ci ribar daban, wanda ya kwashi iyalinsa ya koma ajin firamare daban.

Kuma ruwan yankin nan ba na sama kaɗai ba ne. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa da aka gama a 1992 duk kogin Hadejia suke zubawa, idan suka cika suka tumbatsa sai ruwan ya sauko ya tarar ciyawar kachalla da yashi sun toshe hanya, dole ya fantsama gefe. Mun gani a 2018, mun gani a 2020, ta 2022 kuwa har yau manoman shinkafa ba su manta ba. Fadamu da kududdufai su ne suke riƙe wani kaso na wannan ruwa, kowanne aka cike an rage masa masauki ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake cinikin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka. Amma a zahiri fa? Awon igiya ne kawai, dillali da mai fili da shaidu biyu, mai unguwa ya sa hannu, shi ke nan. Yawanci ma da rani ake yi lokacin da wurin ya bushe ƙayau, baƙon da ya zo saye bai taɓa ganin wurin a watan Agusta ba. Ba wanda zai zo ya duba ina ruwa zai bi, ba maganar kwalbati balle lambatu.

Na san akwai magana a ɗaya ɓangaren, kuma gaskiya ce. Gari yana ƙaruwa, samari suna aure, fili a tudu ya yi tsada, talakan da ya gina ɗaki biyu a kwari ba don yana so ba ne. Shi wannan ba rusau ya kamace shi ba, canjin fili ya kamata a ba shi a tudu, kuma a ba shi takarda a hannu don kar gobe wani ya zo ya ce gonar gadonsu ce. Amma kar a fake da talaka a bar mai tifa ya yi abin da ya ga dama.

Abin da nake roƙon ciyamomi da hakimai ba mai tsada ba ne wallahi, bai kai kuɗin katifu da buhunan masara da ake rabawa bayan ɓarna ba. A zauna da dattawan kowane gari, su sun san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar ambaliya, a bi wuraren a kafa turaku na siminti, a rubuta, a ajiye kwafi a sakatariya da gidan dagaci, a sanar a masallacin Juma'a cewa nan ba a sayarwa ba a ciko. Duk wanda zai yi babban gini kusa da hanyar ruwa kuma, kafin a ba shi izini a tara maƙwabtan da ke ƙasa da shi a ji ta bakinsu, tunda su ne suke fita tsakar dare da buhunan yashi suna jinga. Idan suka ce a'a, injiniyan ma'aikatar muhalli ya zo ya auna a gabansu, ya faɗa musu ƙarara inda ruwan zai bi idan an cike wurin.