Bulgeriya ta samu kuɗi, amma mutanenta suna ƙarewa

A ranar 10 ga Nuwamba, 1989, washegarin buɗe katangar Berlin, jam'iyyar kwaminisanci ta Bulgeriya ta sauke Todor Zhivkov, wanda ya shafe shekara 35 yana riƙe da ragamar ƙasar. A lokacin, al'ummar Bulgeriya ta kusa miliyan 9. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta samu miliyan 6.5 kacal. Ba a yi yaƙi ba, ba a yi fari ba, amma sama da rubu'in jama'ar ƙasar sun ɓace daga lissafi. Latbiya ma ta sauko daga kusan miliyan 2.7 zuwa ƙasa da miliyan 1.9, Romaniya kuma daga miliyan 23 zuwa 19.

Masu yabon sauyin da aka yi daga gurguzu zuwa jari-hujja sukan kawo hujja da ƙaruwar albashi da cikar kantuna da 'yancin tafiya, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin babu mai hankalin da zai yi begen mulkin da ya tilasta wa Turkawan Bulgeriya sauya sunayensu, har sama da 300,000 daga cikinsu suka tsallaka Turkiyya a 1989. Amma ni a ganina, duk lissafin ribar da bai haɗa da mutanen da aka rasa ba, lissafin dokin rano ne.

Yadda aka yi sauyin shi ne tushen matsalar. Masana'antun Bulgeriya sun dogara ne da kasuwar Tarayyar Sobiyet, da ta rushe a 1991 sai suka rasa mai sayen kayansu, garuruwan da masana'anta ɗaya ke ciyarwa suka wayi gari babu aiki. A karkara kuma aka wargaza gonakin haɗin gwiwa aka mayar da filaye ga magadan masu su na asali, wanda adalci ne a ƙa'ida, sai dai da yawa daga magadan sun daɗe da komawa birni, ba su da tarakta, ba su da jari, don haka aka sayar da dabbobi, hanyoyin ban-ruwa suka lalace. Daga bisani bankuna suka durƙushe a 1996, tsadar kaya ta cinye abin da mutane suka tara, har sai da aka ɗaure kuɗin ƙasar da na Jamus a 1997. Matashin da ya ga ajiyar iyayensa ta zama takarda, da wuya a shawo kansa ya zauna.

Shiga Tarayyar Turai a 2007, da ɗage sauran takunkumin neman aiki a ƙasashen Tarayyar a 2014, sun buɗe ƙofa baki ɗaya. Waɗanda suka fita kuwa masu ƙarfi a jika ne, magina da direbobi da ma'aikatan jinya da likitocin da Bulgeriya ta horar da kuɗin harajinta, Jamus da Sifaniya suka karɓe su a shirye. Wanda ya san yadda likitocin Najeriya ke kwarara Ingila da Saudiyya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Nan ne nake saɓa wa gwamnatocin yankin da suka ɗauka maganin shi ne biyan mata su haihu. Foland ta fara biyan iyaye kuɗi duk wata a 2016, haihuwa ta ɗan ƙaru sannan ta sake faɗuwa ƙasa da inda take a da. Hungari ta yafe wa uwa mai 'ya'ya huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwarta, can ma ƙaruwar ba ta ɗore ba. Abin mamaki, a 2023 matan Bulgeriya ne suka fi na kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan haihuwa, kimanin 'ya'ya 1.8 ga kowace mace, duk da haka al'ummar na raguwa, saboda matan da za su haihu sun yi kaɗan, takwarorinsu suna haihuwa a Madrid da Frankfurt, tsofaffin da aka bari kuma suna mutuwa da wuri fiye da sauran Turawa. Ƙasar Cek, wadda ta riƙe masana'antunta har baƙi suka riƙa zuwa neman aiki, yau ta fi yawan jama'a a kan yadda take a 1989.

Don haka kuɗin da ake warewa ya kamata ya fara zuwa ga albashin likita da malamin makaranta a ƙananan garuruwa, da kotunan da ɗan kasuwa zai amince da su, kuma ƙasashen da ke cin moriyar ƙwararrun su ɗauki wani kaso na kuɗin horar da su. A 2013 aka buɗe katafariyar gada a kan kogin Danube wadda ta haɗa birnin Vidin na Bulgeriya da Romaniya, da tallafin Tarayyar Turai. Manyan motoci suna ratsa ta dare da rana, amma tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021 lardin Vidin ya rasa kusan rubu'in mazaunansa.