Bakin da Kuka Rufe Shi Ne Zai Gano Kuskurenku

'Yan uwana ɗalibai da ƙannena da ke sashen kimiyya, akwai wata rana da ta tsaya mini a rai, kuma da ita zan fara.

Muna zaune a semina, wani na gaba da mu yana gabatar da sakamakon bincikensa. Da aka zo wajen tambayoyi, sai wani yaro ɗan shekarar farko ya ɗaga hannu daga can baya. Yana da in'ina. Ya fara magana, kalmar farko ta maƙale masa, yana ta kokawa da ita. Wani daga tsakiyar aji ya kwaikwaye shi, ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ma na yi murmushi, kuma har yau ina jin nauyin wannan murmushin. Yaron ya ce, "Ba komai, a bar shi," ya zauna. Bayan wasu makonni aka gano cewa a teburin da aka nuna mana an rubuta miligiram inda ya kamata a ce maikirogiram. Bambancin ninki 1,000 ne. Da na haɗu da yaron na tambaye shi abin da ya so faɗa a ranar, sai ya ce wannan ne. Ya gani tun daga kujerarsa, mu manya kuma muka hana shi faɗa, aikin makonni ya tafi a banza.

Tun daga ranar na daina ɗaukar mutunta mutane a sashe a matsayin ladabi kawai da ake ɗorawa a kan karatu. Yana cikin aikin kansa. Kimiyya ba ta tsaya a kan cewa masana ba sa kuskure ba, ta tsaya ne a kan cewa idan an yi kuskure wani zai gani, kuma zai iya buɗe baki ya faɗa. Duk wanda ka wulaƙanta ya yi shiru, ka cire ido ɗaya daga cikin idanun da ke tsaron aikinka.

Mun taso muna jin cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zaman duniya wannan magana tana da gaskiya. Amma na'urar awo ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. A 1925 wata matashiya, Cecilia Payne, ta rubuta kundin digirinta na uku a cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka, inda ta nuna cewa yawancin abin da ke cikin taurari haidurojin ne da hiliyam. A lokacin an ɗauka sinadaran rana kusan iri ɗaya ne da na duniyarmu. Wani babban farfesa, Henry Norris Russell, ya nuna mata cewa abin ba zai yiwu ba, sai ta rubuta a cikin kundin nata cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya. A 1929 shi da kansa ya bi wata hanyar ya isa inda ta isa. Ku lura, bai zage ta ba, bai yi mata dariya ba, nauyin sunansa kaɗai ya isa ya sa ta ja da baya daga gaskiyar da ke hannunta. To ina ga ɗalibin da aka yi wa ihu a gaban aji?

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a daina suka ba. Sashen da ba a sukar aiki a cikinsa ya mutu. A tsananta tambaya, a bi lissafi layi-layi, a ce wa mutum ya koma ya sake gwajin. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin "lissafinka ya karkace a layi na uku" da "wa ma ya ba ka gurbin karatu a nan?" Ta farko tana nuna wa mutum inda zai gyara. Ta biyu ba ta gyara komai, sai dai ta koya masa ya ɓoye aikinsa daga gare ka. Kuma ɓoyo a ɗakin gwaji ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibin da ke tsoron tsawa, idan ya fasa ma'aunin zafi zaiba ta warwatse, share ta zai yi ya tura ƙarƙashin benci, kowa ya ci gaba da shaƙar tururinta. Wanda ya manta ko asid ake zubawa a ruwa ko ruwa a asid ba zai tambaya ba, zai yi caca da fuskarsa. Asid ake zubawa a ruwa, a hankali, kuma gara a tambaye ka wannan sau goma ka amsa da sakin fuska.

Yanzu ga ku samari, maganar 'yan uwanmu mata. Ku dubi rukuninku na gwaji da idon gaskiya. Wa ke riƙe da na'ura, wa ke riƙe da biro? Sau nawa aka ce, "Ke rubutunki ya fi kyau, ki riƙa rubuta mana," ta ƙare zangon karatu ba ta taɓa saita madubin ƙara girma da hannunta ba, sai rubutu da wanke kwalabe? Ranar jarrabawar gwaji ita kaɗai za ta tsaya a gaban na'urar, kuma idan ta kasa ku ne za ku fara cewa dama mata ba sa iyawa. Ku ne kuka hana ta iyawa. A riƙa juyawa, yau kai ke awo ita ke rubutu, gobe ita ke awo kai ke wanke kwalabe. Haka nan idan ta kawo shawara aka yi banza da ita, bayan minti biyar wani namiji ya maimaita aka ce madalla, kai da ka ji ka ce, "Ai abin da ta faɗa ɗazu ke nan." Jimla ɗaya ce, ba za ta rage ka da komai ba.

Jocelyn Bell Burnell ta ba da labarin yadda take ita kaɗai mace a ajinsu na fiziks a Jami'ar Glasgow, duk sanda ta shiga ɗakin lakca maza su dinga fito suna buga tebura. Ita ce a 1967, tana ɗaliba a Cambridge, ta lura da wani ɗan ƙaramin zane a kan doguwar takardar na'ura, wanda ya zama sabon nau'in tauraro da ba a taɓa sani ba. Lambar yabo ta Nobel ta 1974 ta tafi hannun malaminta da wani abokin aikinsa. Da aka ba ta wata kyautar ta dala miliyan 3 a 2018, sai ta bayar da ita gaba ɗaya don ɗaukar nauyin ɗaliban da ba a cika ganin irinsu a fannin fiziks ba. Ita ta jure fiton ta wuce. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su jure ba suka canza sashe, ba mu ma san sunayensu ba.

Wanda kuma yake amfani da maki ko sa hannu a kan firojek don ya matsa wa ɗaliba, wannan ya wuce rashin ladabi, zalunci ne. Idan ta kawo maka kuka kada ka ce ta yi haƙuri ta rufa asiri. Ka saurare ta, ka taimaka mata ta adana saƙonnin da ranakun, ka raka ta inda jami'a ta tanada don kai ƙara.

Sai ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda wasunku ke kira da "kai, zo nan" kamar yaran gidanku. Mutumin nan ya shekara ashirin da wannan na'ura, ya san kukanta idan ta kusa lalacewa, kai kuwa jiya ka fara ganinta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle shi ba wada ba ne, malaminka ne da ba a rubuta sunansa a jadawalin lakca ba. Vivien Thomas baƙar fata ne, kafinta, ba shi da digiri. Ya fara aiki a ɗakin gwajin likita Alfred Blalock a 1930, ana biyan sa a matakin mai shara alhali aikin bincike yake yi. Shi ya gwada tiyatar zuciyar jarirai a kan dabbobi har ta nuna, kuma ranar da aka fara yin ta a kan jaririya a asibitin Johns Hopkins a 1944, yana tsaye a kan ɗan benci a bayan likitan yana nuna masa mataki-mataki. Da aka wallafa rahoton, babu sunansa. Sai a 1976 Jami'ar Johns Hopkins ta karrama shi da digirin girmamawa. Idan kun zo rubuta shafin godiya a firojek ɗinku, ku tuna wanda ya haɗa muku sinadarai tun kafin ku iso.

Akwai kuma waɗanda ba da gangan muke ture su ba, rashin lura ne. Wani ba ya bambance ja da kore, mu kuma mun cika zanen sakamako da ja da kore, ko mun bar shi shi kaɗai ya gane lokacin da ruwan gwaji ya canza launi. John Dalton, wanda kuke karanta ka'idarsa ta atom, irin wannan idon gare shi, har ya yi bayaninsa a 1794. Wani jinsa ba shi da ƙarfi, a bar masa kujerar gaba. Wani kuna tattauna aikin rukuni sai ku juya zuwa harshen da ba ya ji, ku yanke shawara ku bar shi yana kallon bakinku. Barkwancin ƙabila da addini kuwa, mai yin sa ne kawai yake ganin wasa ne.

Yaron nan mai in'ina na je na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Amma har ya gama shekarar ban sake ganin hannunsa a sama ba. A semina ta gaba, idan wani ya miƙe kalma ta maƙale masa, ku yi shiru ku jira ya ƙarasa.